Jariri Mai Fiffike a Silin ɗin Alhaji

Watan jiya aka gayyace ni walimar tarewa a sabon gidan wani aminin mahaifina. Dattijo ne ɗan kasuwa, ya sha wuya kafin Allah Ya buɗa masa, kuma tun ina yaro Baba nake ce masa. An yi addu'a, an ci an sha, sai ya kama hannuna ya ja ni babban falo. Bai nuna mini kujeru ba, bai nuna mini tayil ba. Kai ya ɗaga sama ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, dubi nan ka gaya mini."

Na ɗaga kai. Silin ne hawa uku na farar filastar nan da ake kira POP, kowane hawa da fitilu ɓoye a bakinsa, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. A tsakiya an yi wani faifai na ganyaye, an shafa musu ruwan gwal, wata ƙatuwar fitila mai rassa tana reto daga cibiyarsa. A kusurwoyi huɗu kuwa jarirai ne huɗu ɓul-ɓul, kowane da fiffike, ɗaya riƙe da kwari da baka. Tsirara aka zubo su, sai Hajiya ta sa mai fenti ya zana musu ɗan zane a ƙugu.

Na ce, "Baba, su wane ne waɗannan?"

Ya yi dariya. "Oho musu. A wayar mai aikin na gan su. Ya ce irin na Italiya ne, ba kowa ke iya sa su ba."

Na yi masa fatan alheri, na ce Allah Ya sa a shiga a sa'a, kuma har zuciyata na faɗa. Amma maganar nan ta "ba kowa ke iya sa su ba" ta biyo ni har gida, ta hana ni sakat.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Ban ƙi ado ba, ban kuma ƙi mai hali ya nuna halinsa a gininsa ba. Abin da ke damuna shi ne muna kashe dukiya muna yin alfahari da harshen da ba ma ji. Kamar mutum ne ya ɗauko maroƙi ya biya shi da tsada, maroƙin ya tsaya tsakiyar falo yana rangaɗa kirarin wani sarki na wata ƙasa da yaren da babu mai jinsa a ɗakin, shi kuwa mai gida yana gyaɗa kai yana ƙara masa liƙi.

Yaron yana da suna

Wancan mai kwari da baka sunansa Cupid. A addinin Rumawan dā shi ne ubangijin sha'awa, ɗan Venus, gunkiyarsu ta ƙauna, kuma cewa suke yi duk wanda ya harba da kibiyarsa so ya kama shi. Baba mutum ne da ba ya wasa da sahun farko, ya je Makka ya fi a ƙirga. Da wani zai ce masa ya ajiye gunki a falo, da faɗa za su yi. Ga shi ya biya kuɗi an liƙa masa guda huɗu a saman kansa, don an ce masa irin na Italiya ne.

Turawan da suka fara wannan ado sun san abin da suke faɗa. Silin a wurinsu kirari ne da aka yi da fenti.

Dubi fadar Versailles ta Faransa. Tsakanin 1678 da 1684 Sarki Luwi na 14 ya sa aka gina wani dogon zaure mai tsawon mita 73, da madubai 357 a jikin bango. Mai zanen fada, Charles Le Brun, ya cika rufinsa da hotunan yaƙe-yaƙen sarkin. Ga Luwi cikin sulken Rumawa, ga gumakansu na yaƙi da na hikima sun kewaye shi kamar fadawa, ga ƙasashen da ya yaƙa an zana su a wulaƙance. Cikin wannan zaure aka bi da shugaban Genoa, wata jamhuriya da ke cikin Italiya ta yau, a 1685, da ya zo ba da haƙuri. Kafin ya isa gaban sarki, rufin ɗakin ya riga ya gaya masa matsayinsa.

A Landan ma haka. Sarki Charles na Ɗaya ya biya mai zane Rubens fam 3,000 ya yi masa hotunan rufin zauren liyafa na fadar Whitehall, aka ɗora su a 1636. Abin da ke ciki, mahaifinsa Sarki James ne ake ɗagawa zuwa sama, wato sarauta daga Allah take, talaka ba shi da ta cewa. Ranar 30 ga Janairun 1649 ta ƙarƙashin wannan rufi aka wuce da Charles zuwa dandalin da aka fille masa kai. Kirarin bai cece shi ba, amma dai nasa ne, kuma ya san ma'anar kowane baiti.

Hatta Amurkawa da suka ce sun yar da sarauta ba su tsira ba. Cikin ƙubbar majalisar dokokinsu akwai zanen da aka gama a 1865, George Washington, shugabansu na farko, zaune cikin gajimare, gumakan Rumawa suna ƙasa da shi. Cewa suke yi mu ne magadan Rum. Ka yarda ko kada ka yarda, magana ce mai kai da gindi.

To Baba fa, me silin ɗinsa ke cewa? Abu ɗaya tak: an kashe kuɗi a nan.

Ginshiƙin da bai ɗauki komai ba

A ƙofar gidan akwai ginshiƙai biyu dogaye farare, kawunansu da ganyaye masu lanƙwasa. Irinsu sun cika sababbin unguwanni daga Kano zuwa Kaduna zuwa Abuja, a gidaje da otal-otal da wuraren biki, har da makarantun kuɗi. Da zan fita na ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa. Ƙarar ƙwarya ya yi. Ciki rodi ne da kankare siriri, sauran duk riga ce aka sa masa. Wani ma ko kankaren babu, an tsayar da shi ne kawai don ya yi wa ɗan'uwansa rakiya.

A wurin Girkawa ginshiƙi ma'aikaci ne, dutse ne da ke ɗauke da dutse. Ganyayen kansa ma suna da labari. Wani masanin gini na Rum mai suna Vitruvius ya ruwaito cewa wata budurwa ce ta rasu a birnin Korinti, mai renonta ta tattara 'yan kayanta cikin kwando ta ajiye a kan kabarin, ta rufe da fale-falen dutse. Wani tsiro ya fito daga ƙarƙashi, ganyensa ya naɗe kwandon. Wani magini ya wuce ya gani, ya kwaikwaya. Ke nan a faɗar masu abin, kwandon kan kabari ne muke kafawa a ƙofar gidan amarya.

Farin da muke so ɗin ma kuskure muka gada. Girkawa fenti suke yi wa gine-ginensu, ja da shuɗi da ruwan gwal. Shekaru ne suka wanke launin, Turawan baya suka tarar da dutse fari suka ɗauka haka yake tun asali.

Ba daga Girka ginshiƙan nan suka iso mana ba, mulkin mallaka ne ya sauke su. Turawa sun ɗora su a kan kotuna da bankuna da ofisoshin gwamnati a duk inda suka mallaka, don wanda ya zo shiga ya ji ya ƙanƙance. Babban zauren Mapo na Ibadan, wanda aka gama a 1929, yana nan a kan tudu da jerin ginshiƙansa. A jihohin kudu na ƙasar Amurka kuwa, irin waɗannan fararen ginshiƙai su ne tambarin gidajen masu gonakin auduga, waɗanda bayi baƙar fata suka yi wa bauta. Ban ce duk wanda ya kafa su yana goyon bayan wannan ba. Na dai ce kaya ne masu tarihi, mu kuwa mun saye su kamar yadda ake sayen gwanjo, ba mu tambayi wa ya sa su kafin mu ba.

"Ai kakanninmu ma sun yi alfahari da rufi"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo mini, kuma gaskiya ce. Duk wanda ya ce Bahaushen dā bai san fankama da gini ba, bai taɓa shiga soron sarki ya ɗaga kai ba.

Matsalar maginin ƙasar Hausa ita ce itace. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ya wuce kusan mita biyu. Ɗakin talaka ke nan, ƙarami, azara a shimfiɗe daga bango zuwa bango. Wanda ke son faffaɗan zaure ba tare da ginshiƙi ya tsaya masa a tsakiya ba, dole ya nemi gwani.

Gwanin zai fara tun daga jikin bango. Ya dasa azara ta leƙo kaɗan, ya ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe, ya ƙara wata. Daga wancan bangon ma haka, har su haɗu a sama su rungumi juna. Bakan gizo ke nan. In aka giciya su, suka haɗu a tsakiya kamar yadda ake giciya sanduna a bakin guga, an sami ɗaurin guga. Tsakanin baka da baka kuma a jera gajerun azaru a karkace, layi yana cin karo da layi, kamar saƙar tabarma. A daidai inda bakunan suka haɗu sai a manna tasa ko faranti mai sheƙi.

Ka lura da abu ɗaya: a wannan rufi, adon shi ne ƙashin ginin. Abin da idonka ke yabawa shi ne abin da ya hana rufin faɗo maka. In ka cire baka ɗaya don ba ka son kyansa, sai ka kwana a waje.

Kuma alfahari ne ƙarara. Yawan bakunan zaurenka da faɗinsa su ne ke gaya wa baƙo ko kai wane ne kafin ka fito. A je Gidan Makama a Kano a gani, ko Gidan Ɗan Hausa, ko sorayen Gidan Rumfa da aka kafa tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A je fadar Daura, a je fadar Damagaram da tsofaffin gidajen unguwar Birni. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, har yau masana gini daga ƙasashen duniya suna nazarin bakunansa. Har labari ake bayarwa cewa wani sarki ya sa an kashe Babban Gwani bayan ya gama masa aiki, don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Ko da tatsuniya ce, ta nuna yadda masu mulki suka ɗauki rufin ɗaki: abin kishi ne kamar doki, kamar alkyabba.

To ina bambancin? Mai zauren ya san sunan kowane abu da ke bisa kansa, baƙonsa ma ya sani. Ya san maginin, ya san gidan su maginin, wataƙila kakan wannan shi ya yi wa kakan wancan gini. In baƙo ya ce "kai, wannan aikin wane ne?" akwai amsa, kuma amsar sunan mutum ce. Tambayi mai silin na yau aikin wane ne, zai ce maka wasu yara ne, lambar ma ta ɓata.

A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon masallacin Zariya da sabon ginin siminti. Wanda ke son ganin siffarsa ta waje yadda take a dā, sai ya tafi Jos, gidan adana gine-ginen gargajiya, ya kalli kwaikwayonsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda muka ajiye namu.

"Kuɗina ne"

Naka ne, Alhaji, babu mai ja. Ba doka nake nema a kafa ba. Amma ado magana ce da ake yi wa jama'a, shi ya sa aka yi shi a falo da ƙofar gida, ba a yi shi a ɗakin ajiya ba. Wanda ya yi magana a bainar jama'a kuwa ya ba su damar amsawa.

"Aro ba laifi ba ne"

Wani abokina ya ce da ni, to ai mota ma ba kakanka ya ƙera ba, me ya sa ba ka hau jaki ba? Ya ƙara da cewa Musulmin farko ma sun ari ginshiƙan Rumawa. Nan ma ya yi gaskiya, kuma misalin da ya kawo ya fi taimakona a kan shi.

Da aka fara gina babban masallacin Ƙurɗuba a Andalus wajen shekarar 785, ginshiƙan tsofaffin gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka biyo bayansu aka kwaso. Sai aka tarar gajeru ne, ba za su ba da tsawon da ake so ba. Maginan suka ɗora baka a kan baka, hawa biyu, ja da fari. Abin da ya fito bai yi kama da komai na Rum ba, kuma shi ne abin da duniya ke zuwa kallo yau. Sun ari dutse, suka sa shi aiki, suka sa shi ya yi magana da harshensu.

A fadar Alhamra ta birnin Garnaɗa akwai zauren da sarki ke karɓar jakadu. Rufinsa guntayen katako ne sama da 8,000 da aka harhaɗa suka ba da taurari hawa-hawa, suna nuni da sammai bakwai, an kuma rubuta Suratul Mulk a ƙarƙashinsu. Nuna isa ne, babu shakka, sarki ya zauna ƙarƙashin sammai yana karɓar gaisuwa. Amma duk Musulmin da ya shiga zai iya karanta rufin.

Mu ma mun iya irin wannan aro a dā. Farantin da ake mannawa a tsakiyar ɗaurin guga, sau da yawa na kanti ne, daga ƙetare ya zo. Magina a Zariya sun zana keke da mota da agogo a jikin bangon gidajen attajirai, cikin zanen gida na gargajiya, tare da dagi da sauran ƙulle-ƙulle. Mai gidan yana cewa ne ina da keke, ko na ga zamani, kuma duk wanda ya wuce ya gane. An tauna aron an haɗiye. Na yanzu kuwa a baki yake, ba a tauna ba, ba a tofar ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da mazubi ya zubo

Mu koma kan maganar mai aikin, cewa ba kowa ke iya sa su ba. Nan ne abin ya fi ba ni dariya.

Jariran nan ba sassaƙa su aka yi ba. Mazubi ne na roba, a dama garin filasta da ruwa, a zuba, a sa zaren da masu aikin ke kira filas don ya riƙe, a jira mintoci, a ɓamɓare. Mazubi ɗaya zai haifi jariri ɗari. Dabarar ma tsohuwa ce: tun 1856 wani Bafaranshe ya yi rajistar irin wannan filasta mai zare a Ingila, kuma ita da ire-irenta ne suka sa adon da a dā sai fada ya shiga gidan kowane ɗan kasuwa a can. Da ya zama na kowa, manyansu suka tsane shi. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 mai kuɗin Turai silin sumul yake so, fari fat, babu ko ɗigon fure.

Hanyar da muke kai ke nan. Shekarun baya, in ka ga POP ka san gidan wani ne. Yau dillalin haya shi yake fara ambata: "Ɗaki biyu da falo, akwai tayil, akwai POP." Bai ce akwai ruwa ba, bai ce kwata tana tafiya ba. Mai gida ya kashe kaɗan a sama, ya ɗora da yawa a kan kuɗin haya. Dangin amarya in sun zo ganin gida kafin jere, wata gwaggo za ta ɗaga kai ta taɓe baki in ta ga silin na kwali, ko da rijiyar gidan ba ta ƙafewa. Na san saurayin da aka ɗaga bikinsa wata uku saboda wannan, ya ci bashi ya yi, damina ɗaya ta ɓata shi.

Su kuwa manyan masu kuɗin Abuja sun riga sun gudu. Yanzu sumul suke so, layi ɗaya na haske a gefe, sai su kira mai furanni ɗan ƙauye. Baba bai sani ba, ranar da ya tare a gidansa yayin ya riga ya wuce shi. Tseren da ake yi da mazubi ba a cin sa, domin duk abin da ka zubo yau, maƙwabcinka zai zubo gobe da rabin kuɗin.

In da gaske abin da ba kowa ke iya samu ba ake nema, to ga shi can: maginin da zai iya ɗaura bakan gizo. Su nawa suka rage a garinku? Shekarunsu nawa? Wa ke koyo a wurinsu?

"Ginin ƙasa rushewa yake yi"

Nan kam dole in sassauta. Ginin ƙasa yana son kulawa. Kowace shekara sai an duba rufi an yi yaɓe, sai an gyara indararo, in aka yi sakaci damina biyu sai labari. Kowace shekara muna jin gidajen da ruwa ya rusa da mutane a ciki, kuma ba zan ce wa wanda ya rasa ɗansa a haka ya koma ginin tubali don kishin al'ada ba. Giginya ma ta yi ƙaranci, azara mai kyau ta yi tsada. Fili a birni ya matse, mutane suna son bene.

Amma a yi adalci, filasta ma ba ta ga maciji da ruwa. Kwano ya yi ɗan yoyo kaɗan, sai ka ga tabo ruwan ƙasa ya fito, daga nan ta jiƙe ta yi nauyi, wata rana ta rufto. Ga ƙurar hunturu da ke kwanciya cikin kowane lungun ganye, ba mai gida ke hawa tsani ya share ba, matan gida ne da yara. Ga zafi: an sauko da silin hawa uku ƙarƙashin kwano, ɗaki ya zama tanda, sai na'urar sanyaya ɗaki, sai janareto. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro da azahar a watan Afrilu ya san sanyin da ake samu ba tare da an kunna komai ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa sana'ar ta tsaya a zamanin Babban Gwani. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, daga baya ya ƙara masa bakuna da ƙubba da hasumiyoyi. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda manyan masu zanen gine-gine na duniya ke fafutukar samu. A Dandaji, ita ma a Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Hotunan rufinsa sun zaga duniya. Babu ginshiƙin Korinti ko ɗaya a ciki.

Saura maganar masu aikin filasta, da za a ce ina so in kashe musu kasuwa. Ko kusa. Da yawansu daga Togo da Benin suka zo, yanzu kuma yaranmu sun koya, kuma a cikinsu akwai masu hannu na ban mamaki. Abin da aka nema suke yi. Ranar da masu kuɗi suka fara neman wani abu, za su koye shi cikin wata guda. Sai dai ba ina nufin a zubo dagin Arewa a mazubi a liƙa a tsakiyar silin a ce an dawo gida ba. Wannan ma na gani, a otal da ɗakunan taro, dagi a ƙofa, dagi a bango, dagi a kan kwandon shara. Canza jariri da dagi canza riga ne kawai. Abin da nake so shi ne mai gini ya zauna da wanda ya san aikin tun kafin a haƙa tushe, a yi zaure ɗaya, ko da ɗaya ne, wanda rufinsa ke ɗauke da kansa.

Ban so in shigo da addini ba, don ni ba malami ba ne, kuma an fi saurin jifan mutum da aya fiye da sauraronsa. Na san hadisin da ya ce Allah Mai kyau ne, Yana son kyau. Amma abin mamaki ne a ce Alƙur'ani ya ambaci wannan abu da sunansa. A Suratuz Zukhruf, aya ta 33 zuwa ta 35, an kawo rufin gidaje na azurfa da matakala da ƙofofi da gadaje da adon zinariya, aka ce duk wannan jin daɗin rayuwar duniya ne kawai. Sunan surar ma daga adon aka samo shi. Maganar siffofi masu rai a cikin gida kuwa, kowane ɗan Islamiyya ya san hadisinta. Hajiya da ta sa aka ɗaura wa jariran zane, jikinta ne ya ba ta akwai matsala, sai dai ta gyara inda ba nan ne ciwon ba.

Bayan sati biyu na koma gaishe da Baba. Muna zaune ƙarƙashin jariransa, na tambaye shi tsohon gidansu na cikin gari, inda mahaifina yakan kai ni ina ƙarami. Na tuna zauren, da sanyinsa, da wani koren faranti a can ƙololuwa da nake ƙirga bakunan da suka haɗu a kansa. Takwas ne.

Ya ce, "Ai an raba gado, ɗana. Wanda ya saya shaguna zai yi."

Washegari na bi ta wurin. An riga an sauke rufin. Azarun suna jingine a bakin hanya, baƙaƙe wuluk, lafiya lau, babu inda gara ta taɓa, wata mai tuyar ƙosai tana cinikin guda biyu. Na tambayi wani lebura ko ya ga wani koren faranti.

Ya ce, "Na sama? Ai da shi muka fara, Malam. Diga ɗaya."